Matattarar Labarai: Wacce Ta Fi Sauƙin Bi?

A wannan zamani labari ba ya wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne ka sami wanda kake so ba tare da ka ɓata rabin yininka ba. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ba shi da lokacin yawo daga wannan shafin intanet zuwa wancan, ga shi kuma kuɗin data daga aljihun iyayenmu yake fita. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin abin da ake kira RSS.

RSS wata hanya ce da kamfanin Netscape ya fito da ita a 1999. Gidan jaridar da ke aiki da ita yakan jera sababbin labaransa a cikin wani fayil, ita kuwa matattarar labarai sai ta riƙa zagawa tana kwaso su, tana tara maka wuri ɗaya. Tamkar dai kana da ɗan aike ne mai bin gidajen jaridu, ya kawo maka abin da ka aike shi kaɗai. Wadda ta fi suna a da ita ce Google Reader, amma an rufe ta ran 1 ga Yuli, 2013, jama'a suka bazama neman madadinta.

Da yake gani ya kori ji, sai na gwada guda uku waɗanda ake buɗewa a burauza, wato Feedly da Inoreader da NewsBlur. Kowacce na ba ta mako biyu, na kuma zuba mata majiyoyi 20 iri ɗaya, ciki har da sashen Hausa na BBC da hukumar NASA ta Amurka, saboda darasinmu na kimiyya. Abu uku na lura da su: saurin gane inda komai yake, saurin wucewa daga labari zuwa labari, da sauƙin komawa ga abin da na karanta jiya.

Feedly, wadda ta fito a 2008, ita ce ta fi kyan gani. Majiyoyinka suna jere a hagu, labarai a tsakiya da manyan hotuna kamar mujalla. Baƙo ba zai ɓata a cikinta ba. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Hotunan nan suna cin data, kuma labarai kaɗan ne ke fitowa a fuskar kwamfuta lokaci guda, sai da na juya ta zuwa jerin kanun labarai zalla sannan na sami sauri.

Inoreader kuwa, wadda wani kamfani a ƙasar Bulgeriya ya fitar a 2013, ranar farko ta ba ni tsoro, don maɓallanta sun yi yawa kamar gaban direban jirgin sama. Amma bayan kwana uku hannuna ya faɗa. Na raba majiyoyina jaka-jaka: kimiyya, labaran duniya, wasanni. In na tuna wata kalma daga labarin da na gani shekaranjiya, sai in rubuta ta a wurin bincike, nan take ya fito.

NewsBlur, wadda Samuel Clay ya ƙirƙira a 2009, tana da wata hikima ta daban. Kana iya koya mata abin da kake so da wanda ba ka so, sai ta sa wa na farko alamar kore, ta ɓoye na biyu. Sai dai fuskarta a cushe take, kuma koyarwar tana bukatar haƙuri. Lokacin da na gwada su, majiyoyi 64 take bayarwa kyauta, Feedly 100, Inoreader 150.

Akwai abu biyu da suka haɗa su duka. Na farko, danna harafin J yana kai ka labari na gaba, K kuma ya mayar da kai baya, ba sai ka taɓa linzami ba. Na biyu, kana iya kwashe jerin majiyoyinka a fayil ɗin da ake kira OPML ka kai wata matattarar, don haka babu wadda za ta ɗaure ka.

Ni dai Inoreader na zaɓa, domin ɗalibi kullum cikin komawa baya yake don neman abin da ya karanta. Amma iyayenmu da ke son ganin labarai kawai bayan sallar asuba, Feedly ta fi dacewa da su.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana da mu lura da wani abu. A Facebook labari ba ya ƙarewa, kana ja yana zuwa. A matattara kuwa akwai lamba mai nuna labaran da suka rage maka, in ta kai sifiri, ka gama, sai ka rufe ka koma ga littafinka. A ganina matattarar da ta fi sauƙin bi ita ce wadda ta fi saurin sallamarka. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.