Majinyacin Aro

Tun ranar da ɗan yayata ya sauka daga Sudan a ƙarshen shekarar 2022, sunansa na yanka ya ɓace a unguwarmu ta Magami da ke Jalingo, babba da yaro kowa sai "Likita". Shekara shida ya yi a can yana karatu, kuma a cikin waɗannan shekaru mahaifiyarsa ta sayar da shanun da marigayi mijinta ya bari, ɗaya bayan ɗaya, har turke ya zama wayam. 'Yan watanni bayan dawowarsa yaƙi ya ɓarke a Hartum, ranar 15 ga Afrilu, 2023, muka yi ta hamdala da Allah ya fito da shi da takardunsa a hannu. A ganin Yaya, wahala ta ƙare ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. A dokar ƙasar nan, duk wanda ya yi karatun likita a waje ba shi da ikon rubuta wa kowa magani sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda asalinta ke komawa ga dokar 1963. In ya ci, a ba shi rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya a sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da kuma mata da haihuwa. Jarrabawar ba ta wasa ba ce, domin an sha yin zaman da fiye da rabin masu rubutawa suka faɗi. Akwai sashen da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma na gwajin aiki, wanda ɗalibai ke kira OSCE, kuma shi ne ke hana su barci.

Wani malamin likitanci mai suna Ronald Harden da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan tsari a 1975, a garin Dandi na ƙasar Sikotlan. Kafin nan akan haɗa ɗalibi da majinyaci guda da mai jarrabawa guda, sai sa'a ta yi aikinta: wani ya dace da ciwo mai sauƙi da malami mai sassauci, wani ya faɗa hannun akasin haka. A sabon tsarin kuwa ana jera tashoshi, kowane ɗalibi ya bi ta dukkansu. A wannan tasha ya ɗauki tarihin ciwo, a waccan ya duba ciki ko ƙirji, a ta gaba ya yi wa majinyaci bayanin cutarsa. 'Yan mintuna kaɗan ake bayarwa, da an kaɗa ƙararrawa sai a matsa, ko an gama ko ba a gama ba. Mai jarrabawa na zaune da takarda yana lura: ya yi gaisuwa? Ya faɗi sunansa? Ya nemi izini kafin ya kai hannu?

Irin wannan karatu ba ya yiwuwa mutum shi kaɗai, dole sai da jikin wani. Da haka ne ni, malamin adabi, wanda bai san gefen da saifa take ba, na zama majinyacin aro. Bayan sallar isha'i mukan shimfiɗa tabarma a zaure, ya miƙo mini 'yar takarda mai ɗauke da ciwon da zan yi a daren, ƙaramar 'yata ta riƙe agogo da murfin tukunya a madadin ƙararrawa. Minti biyar muka yanka wa kowace tasha. A kan wannan tabarma na yi shawara, na yi tarin fuka, na yi ciwon da kan fara daga cibiya ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama. A nan na koyi cewa hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, saifa tana hagu, kuma duba majinyaci hawa huɗu ne: a kalla, a laluba, a ƙwanƙwasa, sa'an nan a saurara.

Sai dai tun daga daren farko muka fara saɓani. Ni da na yi shekaru ina koyar da yadda ake ƙulla labari, ba na iya faɗin ciwo tsirara. Sai na faro daga ranar kasuwar Iware, da fura da na sha a hanya, da ruwan saman da ya dake ni. Shi kuwa sai ya katse ni:

"Kawu, lokaci! Kwana nawa da farawa? Akwai zazzaɓi? Akwai amai?"

Na ce masa mutanen da zai duba a Jalingo haka suke magana. Mutuminmu yakan ce "sanyi" ko "basir" yana nufin cuta goma daban-daban. Mace mai kunya ba za ta ambaci ciki ba, iyaka ta sunkuyar da kai ta ce ta yi ɓatan wata. Tsohon da ya taso daga Kona ko Zing, wanda Hausar ma aro ce a bakinsa, sai ya kewaya dutse kafin ya iso ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan adabi ne. Ni maki nake nema."

Ya tafi jarrabawa a 2023, ya dawo muka shiga jira. Jiran sakamako wani irin ciwo ne da babu shi a littattafansa. Wayarsa ba ta barin tafin hannunsa, kowace jita-jita ta ɓulla a zauren abokansa na WhatsApp sai ta hana shi cin tuwo. Yaya ta duƙufa da azumin Litinin da Alhamis. Ran da sakamako ya fito, ya bi jerin sau uku, bai ga kansa ba. Kwana biyu bai leƙo waje ba, ga shi kuma maƙwabta ba su fasa kawo yara masu zazzaɓi ƙofar gida suna sallama da Likita ba, shi kuwa sai ya ba su haƙuri ya tura su asibiti. Wata tsohuwa ta ce girman kai ne ya kwaso daga ƙasar Larabawa.

Daga baya shi da kansa ya gaya mini inda yake zaton ya yi tuntuɓe. A wata tasha majinyaci ya faɗi wata magana a jimlarsa ta farko, shi kuwa hankalinsa na kan tambaya ta gaba, sai bayan ƙararrawa ya tuna cewa amsar duka tana cikin wannan magana. Ban ce masa "ai na gaya maka" ba. Muka sake shimfiɗa tabarma.

A wannan zango na biyu ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Wata uku ke nan ina fama da wani abu da ban gaya wa kowa ba, har uwargida. Ƙishirwa ba ta sakina, ina tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, wandona ya fara yi mini yawa. Na san abin da nake tsoro, domin ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifinmu kafin ya ɗauke shi, kuma ni na yi jinyarsa. Wani dare ya miƙo mini takarda, na karanta, na kife ta, na fara ba shi labarina na gaskiya da muryar wani manomi da na ƙirƙira. Har yau ban san ko dabara ce ko ragonta ba.

Wannan karon bai katse ni ba. Ya bar manomin ya yi ta kewaye-kewayensa, yana gyaɗa kai, sai can ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Na ce mahaifina. 'Yata ta buga murfin tukunya, amma bai motsa ba. Ya kama hannuna ya juya agogona, wanda ya sauko har bayan hannu, ya dubi sabuwar hudar da na yi wa maɗaurinsa. Ya sallami yarinyar, sa'an nan ya sassauta murya.

"Kawu, ciwon kai na rubuta a takardar nan. Wannan naka ne ko?"

Na yi shiru. Hausawa sun ce jiki magayi. Na roƙe shi ya rubuta mini magani a asirce, mu bar maganar a zaure. Ya ce ba shi da wannan iko, ko da yana da shi ma ba a fara maganin suga sai da awo. Ya hana ni karyawa da safe, ya sa ni gaba har asibiti. Ya gaya mini a hanya cewa in awon jinin wanda bai ci komai ba ya kai 7, to ciwon ya tabbata. Nawa ya wuce nan nesa. Shi ne kuma ya zauna da uwargida ya yi mata bayanin abinci da magani, da Hausar da ko kakarmu za ta gane.

Da ya sake tafiya jarrabawa, muka sake shiga jira, amma ni jirana ya sauya. A wurina yaron ya riga ya ci, sai dai shaidar kawu ba ta isa a damƙa wa mutum rayukan jama'a ba, kuma haka ya kamata. Da ina da 'yar da za a kai gaban baƙon likita, ni ma zan so a ce wasu da ba danginsa ba sun gwada shi sun gamsu. Abin da na riƙa roƙo shi ne Allah ya sa abin da na gani a zaure ya bayyana a cikin 'yan mintunan da aka ba shi.

Sakamakon ya fito ina cikin aji. Na ga kiran Yaya har sau huɗu, na fita na amsa, ban ji komai ba sai guɗa da kuka a haɗe. Da yamma na tarar da gida cike, har da tsohuwar nan mai zancen girman kai, ta zo da jikanta a goye. Ya karɓi yaron ya taɓa goshinsa, ya zauna ya saurari labarin tun daga ranar da aka yaye shi, sa'an nan ya ce, "Inna, rajistata ba ta fito ba tukuna. Taso mu je asibiti, ni zan raka ki."