Allurar China da Ciwon Cikin da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Idan kai ne mai yin loma biyar na tuwo ka ji kamar ka cinye akushi guda, ko ke ce wadda cikinki ke kumbura bayan kowane cin abinci, ga gyatsa ga zafi a ƙahon zuci, wata da watanni abin ya ƙi tafiya, to da ku nake magana. A ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe sunan wannan duka ɗaya ne: olsa. Mutum yakan raɗa wa kansa sunan, ya sayi omefirazol a kyamis, ya haɗa da jiƙo da ruwan kanwa, ya yi shekaru a haka. Idan ya gaji sai ya fara neman sabon abu, kuma sabon abin da ake yawan tambayata a kansa yanzu a tagar ba da magani shi ne akufancha, wato allurar China da ake gani a Facebook da TikTok ana jera wa mutum a ciki da ƙafa.

Amsata ita ce ban hana ka ba, amma ba da ita za ka fara ba.

Akufancha tsohuwar hanyar magani ce ta Sinawa, an rubuta bayaninta a littattafansu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kada ka kwatanta ta da allurar asibiti, domin ba ta da rami kuma ba ta ɗauke da ruwan magani. Ba ƙahon wanzami ba ce, ba a fitar da jini. Ba kuma sakiya ba ce, ba a gasa ƙarfe. Siririn ƙarfe ne da bai fi gashi kauri da yawa ba, ana soka shi a wasu gurabe a bar shi na ɗan lokaci sannan a zare. Guraben da aka sani a tsarinsu 361 ne. Don matsalar ciki sukan yi amfani da wani gurbi tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji, da wani a ƙasan gwiwa, da wani a saman wuyan hannu. Magabatansu sun ce akwai wani ƙarfi mai gudana a hanyoyin jiki da allurar ke buɗe masa hanya. Masu fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi ba, ni ma ban ɗauke su da muhimmanci ba. Abin da masana na yau ke zato shi ne allurar tana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da tumbi.

Binciken da ya fi jan hankalina an buga shi a shekarar 2020 a mujallar Annals of Internal Medicine. An yi shi a asibitoci biyar na China a kan mutum 278 masu fama da cushewar ciki da saurin ƙoshi bayan cin abinci. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya an yi musu allurar gaske, ɗaya kashin an yi musu ta bogi, wato ɗan soki sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, ba tare da sun sani ba. Zama 12 aka yi cikin mako huɗu. Daga ƙarshe kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ta gaske sun ce sun sami sauƙi, a ɓangaren bogi kuwa kusan kashi 52. Waɗanda manyan alamomin suka ɓace musu gaba ɗaya ba su kai haka ba: kusan kashi 28 a ɓangaren gaske, kashi 17 a na bogi.

Ka tsaya a kan waɗannan alƙaluma, domin mai talla rabinsu zai karanta maka. Gaskiya ne allurar gaske ta fi ta bogi, kuma ratar ba ƙarama ba ce. Amma fiye da mutum bakwai cikin goma sun gama zaman da sauran ciwonsu. Sannan dubi rabin mutanen da suka ji sauƙi da allurar da ba komai ba ce. A ganina wannan yana nuna irin aikin da kulawa take yi wa ciki: a kwantar da mutum sau uku a mako, a tambaye shi, a saurare shi. Mu da ke sallamar mara lafiya cikin minti biyu saboda tsawon layi, wannan adadin ya kamata ya tsaya mana a rai. Kafin wannan binciken, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2014 ya tattara gwaje-gwaje bakwai, ya ce hujjar ba ta da ƙarfin da za a yanke hukunci da ita.

Ga kuma abin da ya fi komai nauyi. Mutanen da aka yi wa wannan gwaji an riga an duba tumbinsu da na'ura mai kyamara, ba a ga gyambo ko ƙari ba. Ciwonsu shi ne wanda likitoci ke kira rashin narkewar abinci marar gyambo, inda tumbi lafiyarsa lau a ido amma aikinsa ya rikice. Kai da ke Kuchi ko Dogon Daji ko Sanyinna, wa ya duba naka? Sakamakon da aka samu a kan mutanen da aka san ciwonsu ba ya zama hujja ga wanda ba a san nasa ba.

Abubuwa biyu nake fara zargi a nan yankin. Na farko ƙwayar cuta ce mai suna helikobakta, wadda likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana shiga tun ana yara, galibi ta ruwa da abinci da cunkoson gida, kuma wani babban nazari na 2017 ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, amma sai ka dakatar da omefirazol na mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba tana iya ɓuya. Maganinta haɗi ne na mai rage tsamin ciki da masu kashe ƙwayoyin cuta na kwana 14, kuma dole a shanye. Babu allurar China da ke kashe ta.

Na biyu yana cikin aljihunka. Manomi ya wuni a fadama wajen albasa ko shinkafa, jiki ya yi tsami, da yamma ya sayi ƙullin ƙwayoyi kala huɗu a leda daga mai tallar magani. A ciki akwai dikilofinak, akwai aiburofin, wani lokaci da Feldene, a ƙara da garin ciwon kai mai asfirin, a kora da shayi ciki ba komai. Dukansu dangi ɗaya ne, kuma dukansu suna cinye rigar da ke kare bangon tumbi. Mutumin da ke wannan kullum, ko allura dubu aka soka masa, cikinsa ba zai huta ba. Haka sigari, da goro a kan yunwa, da kwanciya nan take bayan tuwon dare. Ruwan kanwa kuwa yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinsa bai dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba.

Akwai alamomin da idan ka gan su, maganar allura da jiƙo ta ƙare, sai asibiti: aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, ramewa ba dalili, abinci yana maƙalewa a maƙogwaro, amai da ya ƙi tsayawa, farin ido da kasala na ƙarancin jini, ko ciwon ya fara wa dattijo da ya haura shekara 55. Zafin ƙirji mai tafe da gumi da sarƙewar numfashi kuma yana iya zama zuciya ce, ba ƙwannafi ba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, kuma kuɗin motar da za ka kashe zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ka sau ɗaya bai kai na zarya goma sha biyu wurin mai allura ba.

To idan an duba, an kashe helikobakta ko ba a same ta ba, ka bar ƙwayoyin leda, likita ya gwada maka maganin rage tsamin ciki na mako huɗu zuwa takwas, ciwon kuma yana nan, a lokacin ne akufancha ta cancanci a gwada ta. Ka nemi wanda ya yi karatun aikin, ka tambayi shaidar rajistarsa ba tare da jin nauyi ba. Lallai allurar ta zama sabuwa, a ɓare ta a gabanka, a jefar bayan an gama. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma allurar da aka maimaita hanya ce a gare ta, kamar askar da ba a sauya ba. Allurar da aka zurfafa a ƙirji ko baya tana iya huda huhu. Idan kana shan maganin tsinka jini, ko kina da juna biyu, a faɗa tun kafin a fara. Wanda ya ɗora hannunka a kan wata 'yar na'ura ya karanto maka cututtuka goma sannan ya miƙo maka kwalaben da yake sayarwa, wannan ɗan kasuwa ne, ka tashi.

Ka kuma yanka wa abin wa'adi tun farko. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace rana abin da ka ci da yadda cikin ya kwana. Mako huɗu aka yi a gwajin China. Idan naka mako huɗun ya cika littafin bai nuna sauyi ba, ka tsayar da biyan kuɗi, ka koma wa likitanka da littafin da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na leda.