Tsofaffin Motoci a Hanyar Brighton

Lahadin farko ta watan Nuwamba, da fitowar rana, tsofaffin motoci kan tashi daga Hyde Park a Landan su nufi Brighton da ke bakin teku. Sai wadda aka ƙera kafin 1905 ake bari ta shiga. Asalin tafiyar tun 1896 ne, da doka ta ɗaga gudun mota daga mil 4 zuwa mil 14 a awa, masu motoci suka fito murna. An farfaɗo da ita a 1927, a 1930 kuma aka kafa ƙungiyar Veteran Car Club a Brighton ɗin.

Ƙyallin tagullar jikin motocin bai cika ɗaukar hankalina ba. Na fi tunanin aikin da ba a gani: tono tsofaffin takardu don tantance shekarar mota, da ƙera abin da ya lalace da hannu, tunda yawancin kamfanonin da suka ƙera motocin sun daɗe da rufewa. Wannan, a ganina, shi ya riƙe ƙungiyar, ba kuɗin membobinta ba, duk da cewa abin ba na talaka ba ne.

A tafiyar kuwa, ba tsere ake yi ba. Duk wanda ya isa kafin ƙarfe 4:30 na yamma, ana ba shi lambar yabo.