Wa Kake Zama Idan An Ba Ka Zaɓi?

To, tunda an ci an sha, kuma babu baƙo a cikinmu, bari in kawo maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ta gem ce, amma wanda ba ya bugawa kada ya tashi, don za ta zagayo kansa.

Kun san wasannin nan na kwamfuta da ake shiga duniyar almara, mai takubba da matsafa da dodanni, inda mutum ke ɗaukar jarumi ɗaya ya bi shi tun daga farkon labari har ƙarshe. Kafin a fara komai, sai a buɗe maka shafi a ce ka ƙera jaruminka. Ka zaɓi jinsinsa: mutum ne, ko wada, ko masu dogayen kunnuwan nan da ake kira elf. Ka zaɓi tsayi, da hanci, da ido, da gashi, da launin fata. Wasu kan daɗe a wannan shafi fiye da yadda suke daɗewa a yaƙin farko, kuma ban ga laifinsu ba, domin da wannan fuskar za su yi ta yawo har labari ya ƙare.

Abin da ke damuna shi ne, shekara da shekaru, idan kai baƙi ne, a wannan shafin ake fara nuna maka cewa ba da kai aka yi lissafi ba.

Ku ɗauki World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, miliyoyin mutane suka yi ta bugawa. Akwai fata mai ɗan duhu a cikin zaɓin, amma fuskar da gashin duk na Bature ne. Kamar a ɗauko rigar wani ne a kai marina a rina, a miƙo maka a ce taka ce: launi ya sauya, awo kuwa na mai ita ne. Sai a 2020, bayan shekara 16, aka ƙara fuskoki da gashi irin na baƙar fata, aka kuma yarda elf ma ya iya zama baƙi.

Ga wani da ya fi taɓa ni. A Dragon Age: Origins na 2009, kana iya zaɓar zama ɗan gidan sarauta, ka duhunta fatarsa iya son ranka. Da an fara labari sai ga uwarka da ubanka da yayanka, dukkansu farare tas, suna kiranka ɗansu. Wato launinka bai wuce shafin farko ba, labarin bai san da shi ba. Kamfanin BioWare, mai wasan, ya gyara wannan a kashi na biyu a 2011, inda kamannin uwa da ƙanne ke bin irin fuskar da ka zaɓa. Wannan gyara ya nuna cewa tun farko abin mai yiwuwa ne, tunaninsa ne ba a yi ba. Ko a Animal Crossing: New Leaf na Nintendo, wanda ba na takubba ba ne, wasan zaman ƙauye ne da yara ke so, hanyar samun fata mai duhu ita ce ka tsaya a rana ta gasa ka, idan ka daina kuma launin ya koɗe. Ku yi tunanin yarinya baƙa tana koyon cewa launinta ƙunar rana ce mai wucewa.

Na ga Malam yana girgiza kai, na san abin da zai ce: ai wasa ne, me ya yi zafi? Malam, ka yi haƙuri ka ji na gaba, don ya wuce batun ado.

Galibin waɗannan gem jikokin Dungeons & Dragons ne, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƙwayar jefawa, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Daga can aka gaji al'adar ɗaura wa kowane jinsi makinsa tun daga haihuwa: wannan mai ƙarfi ne, wancan mai basira, wancan kuma mugu ne a jininsa. A can ne aka samu drow, wato elf masu baƙar fata da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda aka daɗe ana siffanta su da mugunta, alhali 'yan uwansu farare su ne masu hikima. Ku duba kuma The Elder Scrolls IV: Oblivion na 2006. Baƙaƙen mutanen wannan duniya su ne Redguard na ƙasar Hammerfell, gwanayen takobi. Makin basirarsu na farawa 30 ne, na fararen da ake kira Breton kuwa 50. Don a yi adalci, su ma Nord, farare ne, 30 ɗin aka ba su. Amma farin mutum yana da ƙabilu uku a gabansa, Breton da Imperial da Nord, ya zaɓi wadda ta dace da burinsa. Baƙi ƙofa ɗaya gare shi, kuma a bakinta an riga an yanke cewa ƙarfi ne rabonsa. Wannan tsohon zance ne da muka sani tun kafin a ƙera kwamfuta, kuma ba daɗinsa muka ji ba.

Alhamdu lillahi, abin ya fara sauyawa. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya fito ya amince cewa yadda aka siffanta drow da wani jinsin da ake kira orc ya yi kama da yadda aka riƙa ƙasƙantar da wasu al'ummu na gaske, ya kuma fitar da ƙa'idar da ta ba ɗan wasa damar sanya makinsa inda ya so. Da Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam ya fito a 2023, makin ƙarfi da na basira ba su ɗaure da jinsi ba, launukan fata suna da yawa, har da zaɓin mai cutar nan da ke sa fata yin dabbare-dabbaren fari.

Sai dai ko an ba ka launin, da sauran rina a kaba. Wanda ya taɓa ƙera baƙin jarumi ya san yadda yakan fito: a shafin farko ya yi kyau, da an shiga kogo ko dare ya yi sai fuskar ta ɓace, ko ta koma toka-toka kamar mara lafiya. Dalili shi ne, hanyoyin lissafa yadda haske ke sauka a fata an fi gwada su a kan farar fata, wadda haske ke ratsawa ya ba ta ɗan ja. Baƙar fata kuwa kyanta a sheƙinta yake, kuma wannan na buƙatar nasa aikin. Haka gashi: an daɗe da ƙwarewa a kan miƙaƙƙen gashi mai kaɗawa, namu mai murɗe kuwa aka bar shi a zaɓi biyu ko uku, ko ƙwal-kwabo, ko wani dunƙulen tum a ka. Bayan fim ɗin Black Panther na 2018, sai kamfanoni suka kama salon gashin Killmonger na cikin fim ɗin suka yi ta maimaitawa, kamar duk baƙaƙen duniya wanzami ɗaya ke musu aski. Shi ya sa nake jinjina wa A.M. Darke, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wadda ta kafa rumbun gashin baƙar fata na kyauta a intanet don masu ƙera wasanni, ta kuma yi aiki da Theodore Kim na Jami'ar Yale a kan lissafin murɗaɗɗen gashi. Aiki ne na ilimi, kuma sai da wanda abin ya dama ya tashi sannan aka yi shi.

Akwai masu kafa hujja da tarihi. A 2022, da aka tambayi Naoki Yoshida, furodusan Final Fantasy XVI, dalilin ƙarancin baƙaƙe a wasan, ya danganta abin da cewa an gina duniyar wasan a kan Turai ta zamanin da. Ni dai ban gamsu ba. Duniyar da ka ƙirƙira da hannunka, ka zuba mata dodanni masu aman wuta, kai ne ka yanke wanda zai zauna a cikinta. Wani abu da ya faru a 2015 ma ya tona asirin zukata. Masu ƙera wasan Rust ba su ba kowa zaɓi ba, kwamfuta ce ke raba launi, abin da ya faɗo maka shi ne naka har abada. Wasu fararen 'yan wasa da suka wayi gari baƙaƙe suka yi ta ƙorafin an tilasta musu zama abin da ba su ba. Abin da suka ɗanɗana ke nan wanda wasunmu suka girma a cikinsa.

Yanzu ku matso, ga ainihin abin da ya sa na ce sai babu baƙo. Na sha zama kusa da yaranmu da ƙannenmu suna wannan shafin, a wasannin da aka ba su kowane launi, kuma sau da yawa hannun nan can wajen fari yake zarcewa, da gashi mai santsi da shuɗin ido. Ba na cewa laifi ne mutum ya zama wani a cikin wasa. Daɗin wasan ke nan, yau ka zama wada, gobe tsohuwar matsafiya. Abin tambaya shi ne idan kullum gefe ɗaya ake nufa, kuma idan ka ce wa yaro ya gwada mai kama da shi ya ce maka ai wannan ba shi da kyau. Wannan ba Blizzard ce ta koya masa ba. A gida ya ji ana cewa fara ko mayya ce. Ya ga mayukan bilicin a kan madubi. Ya ji yadda ake yabon jaririn da ya zo fari, da yadda ake duba kunnen wani a ce wannan zai yi baƙi, da muryar jaje. Hajiya, kin san ba ƙarya nake ba. Muna da hakkin mu nemi kamfanonin waje su gan mu, amma mu ma sai mun yarda cewa abin da muke nema su gani abin so ne.

Kuma ba dole sai mun jira su ba. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, almara ce da aka gina a kan al'adun Afirka, sarki da sarauniyarta baƙaƙe ne ba tare da an nemi izinin kowa ba. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo a Ingila mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, wanda ya yi don juyayin rasuwar mahaifinsa. Mu kuma me muka rasa? Ga Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, ga Amina ta Zazzau, ga barade cikin sulke da dawakai cikin lifidi. Ku ƙiyasta shafin ƙera jarumi da Bahaushe ya tsara: baƙi wuluk, da wankan tarwaɗa, da ja, da zabiya. A gashi ga shuku, ga kalaba, ga doka. A fuska ga bille, ga kalangu, ga 'yar baka, kowanne da garin da yake nunawa. Wanda ya san waɗannan ne kaɗai zai iya ƙera su yadda ya kamata.

Don haka ga roƙona gare ku. Duk ranar da ɗanka ko ƙanwarki za su fara sabon gem, a zauna tare da su a shafin farko, a tambaye su dalilin zaɓinsu, a saurara ba tare da faɗa ba. Idan wasa ya ba da baƙar fata mai kyau, a yaba a inda masu shi za su gani, idan ya yi ha'inci a faɗa musu, domin ƙorafin 'yan wasa ne ya kawo yawancin gyaran da na lissafa. Wanda kuma yake da yaro mai son zane a kwamfuta, a ƙarfafa masa gwiwa, a ce ya fara da fuskar kakarsa. To, na yi nawa. Malam, kai da ka ce wasa ne, bisimilla, muna jin ka.