Wasiƙa kan rumbun bayanan makarantarku

Mutumina,

  

Na ga saƙonka kan rumbun bayanan makarantarku, da yadda ma'aikatan ofis ke kiranka ko sunan ɗalibi guda za a gyara. Don Allah kada ka zauna kana rubuta fom ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka ba su phpMyAdmin, domin a can hannu na kuskurewa sai teburin ɗalibai ya tafi gaba ɗaya.

Ka gwada Django. A gidan jaridar Lawrence Journal-World da ke Kansas ta Amurka aka ƙirƙiro shi, aka sake shi ga kowa a 2005, kuma shafinsa na gudanarwa an yi shi ne don ma'aikatan da ba ruwansu da rubuta manhaja. Yana da umarni mai suna inspectdb. Kana haɗa shi da MySQL ɗinku zai bi teburan, ya rubuto maka fasalin kowanne. Ka yi musu rajista a shafin gudanarwa, sai fom-fom su fito, na ƙari da gyara da gogewa. Fasalin teburanka ba ya taɓawa, sai dai ya ƙara nasa na masu shiga da kalmomin sirri.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Abin da aka rubuta a rumbun shi kaɗai yake gani. In an ɗaure teburin ɗalibai da na azuzuwa da mabuɗin alaƙa, fom zai kawo jerin azuzuwa a zaɓa. In alaƙar a cikin kan wanda ya gina rumbun kawai take, akwati za ka gani yana neman lamba, kuma wallahi magatakarda ba zai tuna cewa 14 shi ne aji biyu ba. Tsofaffin teburan MyISAM ba sa riƙe wannan mabuɗi sam, saboda haka ka duba, in su ne gare ku ka mayar da su InnoDB tukuna, sannan ka ɗaura mabuɗan. Wannan ya fi komai damuna, don nan ne sakamakon wani yaro ke faɗawa ajin wani.

Ka kuma ware izini: mai karɓar kuɗin makaranta ba shi da hurumin taɓa maki. Kafin komai dai, ka kwafi rumbun, ka fara gwaji a kan kwafin.

In ka haɗa, turo mini abin da inspectdb ya fitar mu duba tare. A gaida Baba da jiki.

Naka,
abokinka