Baƙon Gani da Tukunyar Inna

A ɗaya daga cikin bukukuwan Gani na baya-bayan nan na yi baƙo daga Japan, wani mai binciken ƙasar noma da ya zo jami'ar da nake koyarwa. Ya ji labarin Sallar Gani, ya nace sai na kai shi Daura. Muka leƙa rijiyar Kusugu, na ba shi labarin Bayajidda da Daurama yadda aka ba mu muna yara, sannan muka tsaya cikin rana muna kallon dawakan hakimai, kakaki da tambura na tashi. Da dare masaukinmu ya kawo mana dafa-duka da soyayyen dankalin Turawa da lemon kwalba. Ya ci, ya yi godiya, bai ce komai ba.

Washegari muka bi ta Zango zuwa gida Baure. A nan ne laifina yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Tun muna hanya na buga wa ƙanwata waya na ce a sayo taliya da kajin gidan gona, don kada mu ji kunya. Inna ta karɓi wayar. "Malam, sabon gero ya shigo gida, sai a ba baƙo taliya? Kai dai ka kawo shi."

Da muka isa, tumu aka fara gasa mana, zangarniyar sabon gero a kan garwashi, ana murzawa a tafin hannu ana hure ƙaiƙayi. Sai fura mai yaji da aka dama da kindirmo a ƙwarya, da la'asar kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da dare tuwon gero da miyar ɗanyar kuɓewa wadda ta ji daddawa. Mutumin da bai tanka ba a Daura sai ga shi ya ciro littafi yana tambayar sunan kowane abu, da watan da ake samunsa. Daddawar ta fi ɗaukar hankalinsa, domin su ma suna da waken da suke ruɓarwa, suna kiransa natto.

A daren ya ba ni labarin garinsu, Karatsu, wanda ke bakin teku a kudu maso yammacin Japan. Kowace shekara, daga 2 zuwa 4 ga Nuwamba, suna bikin Kunchi, inda ake jan manyan amalanke 14 masu siffar zaki da kifi da hulunan mayaƙa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya, kamar yadda ta yi wa hawan Sallar Kano a Disambar 2024. Amma ya ce rabin bikin a cikin gidaje yake, inda ake dafa wani ƙaton kifi mai suna ara, a buɗe ƙofa ga dangi da baƙi. Wanda ya ga amalanken bai ci kifin ba, a wurinsu bai je Kunchi ba.

Na kwana ina juya maganar. Mu mun yarda doki da lifidi abin nunawa ne, tukunya kuwa mun mai da ita sirrin cikin gida, kuma mu 'yan boko mu ne kan gaba wajen rufe ta. Sakamakon a bayyane yake: dubban mutane su shigo Daura, kuɗin cikinsu ya tafi ga kamfanonin taliya da lemo, mai dama fura ta koma gida da ƙwaryarta. 'Ya'yan ƙannena ma sun fara kallon tuwon gero a matsayin abincin wanda bai samu ba. Kalankuwa, bikin kakar da ya fi kusa da abinci, ni kaina a bakin manya na fi jin ta.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta mu da su. Bikinsu yana bin kalandar rana, don haka kullum da abincin kaka yake zuwa. Namu Gani yana bin watan Rabi'ul Awwal, yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, amfanin gona kuwa ruwan sama yake bi. A 2024 ya faɗo tsakiyar Satumba, a 2025 farkonsa. Sa'a ce kawai ta haɗa baƙona da tumu. Nan da 'yan shekaru Gani zai shige tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai tafasa da zogale, kuma sai an yi kusan shekara 30 kafin ya sake tarar da sabon gero. Duk mai son ciyar da baƙin Gani da abincin ƙasar Daura dole ya san abin da kowane lokaci ke bayarwa, kuma wannan ilimi yana kan tsofaffin mata irin su Inna.

Kafin mu tafi na tambaye ta abin da za ta ba baƙo idan Gani ya faɗo cikin bazara, nan da kamar shekara goma. Ta fara lissafa kunun tsamiya da dambu da miyar kuka, sai ta dakata ta ce in ɗauko biro in rubuta yanzu, domin ita ba ta ɗaukar alkawarin shekara goma.