Furen Auduga da Darasin Ruwa

Na tashi a Sukuntuni, a gidan da ake girmama miƙaƙƙen layi. Kakana mai zayyana ne. Idan almajiri ya yi sauka, shi ake kawo wa allo ya ƙawata. A wurinsa na koyi haɗa tawada da ƙaro, na kuma haddace hukuncinsa: hannun da ya yi rawa bai ƙware ba.

Da wannan tarbiyya na tafi karatu Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, garin da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyar zane a 1958 don haɗa fasahar gida da ta waje. Wani aboki ɗan sashen zane ya ba ni ƙaramin akwatin fentin ruwa. Na zauna na kewaye furen rama da alƙalami, na cike shi da launi tsaf. Ya duba, ya yi dariya, ya ce na yi furen kwanon langa. Sai ya jiƙa takarda, ya ɗiga launi, ya janye hannunsa. Launin ya bi ruwa ya bazu, kan ka ce kwabo ga fure kamar iska na kaɗa shi.

Abin ya yi mini nauyi. Na yi shekaru ina kokawa da ruwa, musamman da hunturu, lokacin da takarda ke bushewa kafin mutum ya gama shawara. Hankalina ya kwanta ne ranar da na ji cewa ƙaro ne ke riƙe launin wannan fenti, irin wanda ake ɗiba daga itacen dakwara a Jigawa da Yobe da Borno. Ashe baƙon ɗan'uwan tawadar kakana ne.

Daminar bara, ciwo ya kwantar da mahaifiyata, ta daina zuwa gona. Na je gonarmu na zana mata furen auduga, ba layi ba iyaka, sai ɗorawa-ɗorawa da ɗan ja ya kutsa ciki. Na yi fargabar za ta ce ɓarnar takarda ce. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Ɗan nan, ai wannan na jiya ne, ya fara juyawa." Gaskiyarta. Furen auduga da safe yake buɗewa fari-fari, washegari ya yi ja, sannan ya faɗi. Abin da alƙalamina ya kasa kamawa, ruwa ya kama.

Yanzu ina koyarwa, kuma abin da ke damuna shi ne yaranmu sun san furen da ke jikin atamfa, amma ba su bambanta na wake da na kabewa. An mayar da darasin zane lokacin hutun malami. Wasu iyayen na ɗari-ɗari saboda addini, alhali malamai ba su hana zanen tsirrai ba. Tsadar kaya ma ba hujja ba ce: ga soborodo, ga shuni, ga gawayi, ga ƙaro.

Ban yar da koyarwar kakana ba. Zayyana ta koya mini kame hannu, ruwa ya koya mini sakinsa. Inna ta rasu bayan kaka. Takardar nan na rataye a ɗakinta, launin ya soma kodewa, ni kuwa ban yi niyyar gyara shi ba.